GIDA DA LAMBU: Ƙasa Ba Ta Yarda Ta Zauna Tsirara

Ga bazara ta kama, hadari ya soma leƙowa daga gabas. A wannan wata ba zancen tumatir ko albasa za mu yi ba. Zancen filin ƙofar gida za mu yi, wurin nan da yara suke wasa, inda baƙo yake fara sa ƙafa kafin ya yi sallama.

Wata uwargida ta rubuto mana tana kuka da filin gidansu. Ta ce kowace damina sukan nome shi sau uku ko sau huɗu, amma bayan mako biyu sai ciyawa ta komo kamar ba a taɓa ta ba. Da rani kuwa sai ƙura da ƙaya. Tana tambaya ko akwai maganin da za a fesa a huta gaba ɗaya. Uwargida, na ji kukanki, gama ni ma na sha wannan wahala. Bari in ba ki labarina tukuna.

Shekara huɗu ke nan da muka tare a wani gida a bayan garin Zariya. Filin gaban gidan taki goma ne tsawo, taki goma faɗi. Tsidau da ƙarangiya da tuji sun mallake shi. Kowace Asabar ni da yara mukan ɗauki fartanya mu kankare shi fes. Ina ganin ƙwazo nake yi. Ran nan ƙaramar 'yata ta fita ba takalmi, ƙayar tsidau ta shige mata a dunduniya ta karye. Wurin ya kumbura ya yi mugunya, ta yi kwana tara ba ta je makaranta ba. Cikin Agustan wannan shekara kuma ruwa ya yanka kwazazzabo daga gindin indararo, har tushen bango ya fito fili.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne da ya yi shekaru yana aikin lambu a wata makarantar kwana. Ya same ni ina nome filin da fushi. Ya tsaya yana kallona, sa'an nan ya ce, "Malam, wa kake share wa wurin nan?"

Na ce, "Baba, ai ciyawa nake kora."

Ya ce, "A'a, masauki kake gyara mata. Ƙasa ba ta yarda ta zauna tsirara. In ba ka ba ta rigar da kake so ba, za ta sa wadda ta samu."

Wannan magana ita ce kan darasinmu na yau. Tuge ciyawar banza kaɗai ba ya korarta. Abin da yake korarta shi ne a cika wurin da ciyawar kirki, a ciyar da ita har ta yi kauri, ta hana sauran ganin rana. Ba ina nufin tsakar gida ba, inda ake daka da girki da shanya. Wannan a bar shi a share kamar yadda iyayenmu suka saba, domin a ga kunama ko maciji tun daga nesa. Ina nufin filin gaba ko na gefe, wanda ruwa yake zaizayewa, iska kuma take kwashewa.

KA FARA DUBA ABIN DA YA FITO

Ruwa ba ya tsami banza. Kowace ciyawa tana ba da labarin ƙasar da ta fito a kai. In ka ga tuji, ƙasar ta dandaƙe ke nan saboda tattaki, ta yi tauri kamar daɓe. Tsidau da ƙarangiya suna son busasshen wuri mai rairayi, marar taki, inda ba mai yi musu kishiya. Aya-aya takan yi yawa inda laima take daɗewa. Tofa kuwa takan kama ƙasar da ta gaji, musamman wadda ake ƙonawa kowace shekara. Kada ka sa wa tofa wuta. Wuta ganye kawai take ci, saiwar tana ƙarƙashi lafiya lau, ita ce kuma za ta riga kowa tohowa.

Sai ka zaga filin ka kimanta. In ciyawar kirki ta kai rabin filin, gyara kawai za a yi: a tuge na banza, a sassauta ƙasar wuraren da suka yi sanƙo, a shuka a wurin, a sa taki. In ba ta kai rabi ba, gara a sake aikin daga tushe. Namu sai da muka sake shi duka.

WACE CIYAWA ZA A SHUKA?

A ƙasarmu ba wadda ta fi kiri-kiri dacewa. Kowa ya san ta. Ita ce mai ƙananan ganye, mai rarrafe a ƙasa, wadda take kafa saiwa a kowace gaɓa. Akan same ta a bakin fadama da gefen rafi. Mutanen Amurka suna ce da ita ciyawar Bamuda, masu sayar da furanni a biranenmu kuma sukan ce ciyawar Bahama, amma ba baƙuwa ba ce a Afirka. Tana jure zafin rana da tattakin yara. In rani ya yi takan bushe ta yi kamar ta mutu, da ruwa ya sauka kuwa sai ta farfaɗo.

Tana da aibu biyu, gara ka sani tun yanzu. Na ɗaya, ba ta son inuwa. Tana bukatar rana aƙalla sa'a 6 a yini. A ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya ɓata ƙarfi ne, gara ka zuba tsakuwa ka ajiye benci. Na biyu, in ta shiga lambun kayan miya ta zama masifa. Saboda haka sai a yi mata iyaka da jerin bulo da aka binne, ko a bar 'yar hanya tsakani wadda ake nomewa.

Ana samun ta ta hanya biyu. Akwai iri, wanda ake saya a shagon kayan gona na manyan birane. Akwai kuma dashe, watau a tono jijiyoyinta daga inda take a dasa. Dashe ba ya cin kuɗi, sai ƙarfi. Irin mai laushin nan da ake shimfiɗawa a manyan filayen ƙwallo, wanda masana suka fitar a garin Tifton na jihar Jojiya ta Amurka, ba ya yin ƙwaya mai tsira, dashe kawai ake yi. In ka sayi iri, ka gwada shi kafin ka watsa. Ƙirga ƙwaya 20, ka sa a jiƙaƙƙen tsumma, ka riƙa yayyafa masa ruwa har mako biyu. In waɗanda suka tsira ba su kai 10 ba, irin ya tsufa.

AIKIN BAZARA

Wannan shi ne aiki mai wuya, kuma yanzu ne lokacinsa, cikin Maris da Afrilu.

Da fari a kwashe ƙaya. Ƙwayar tsidau takan yi shekaru cikin ƙasa tana jiran ruwa, saboda haka kowace ɗaya da ka kwashe yau ka rage wa gobe aiki. Baba ya koya mini dabara. A sami tsohon bargo ko soson katifa, a ɗora dutse a kai, a ja shi a filin. Ƙayar tsidau da ta ƙarangiya za su manne a jiki. A kakkaɓe su wuri ɗaya a ƙone. A maimaita har sau uku.

Na biyu, a fasa ƙasa da diga ko garma, zurfin santimita 15, watau kusan tsawon tafin hannu. A tsince duwatsu da kwalabe da guntayen siminti da magina suka binne. Inda akwai tofa ko aya-aya sai a tona da haƙuri, a fito da saiwoyi da 'ya'yan, a baza su a rana. Zafin bazara yana kashe su in sun bushe sarai. Amma in ka daddatsa su da fartanya ka bar su cikin danshi, ka shuka su ke nan, gama kowane guntu zai toho.

Na uku, a sa takin gargajiya. A nan na yi kuskure a shekarar farko. Na sa aka kawo mini ɗanyen kashin shanu daga garke na baza. Da ruwa ya sauka, sai ga ciyayin da ban taɓa gani a gidan ba, domin ƙwayoyin da shanun suka ci a daji suna ciki da ransu. Gara kuma ta biyo baya. Takin da ya dace shi ne wanda ya ruɓe, ya yi baƙi, ya daina wari da zafi. A baza shi kaurin yatsa ɗaya. Fili mai taki 10 da taki 10 zai ci baro wajen 30. In ba a samu haka ba, rabi ma ya fi babu. A cuɗa shi da ƙasa.

Na huɗu, a daidaita filin da manjagara. A ba shi ɗan gangare kaɗan daga bango zuwa waje, domin kada ruwa ya kwanta a gindin gini. Inda ruwan indararo yake zuba a jera duwatsu.

KADA KA YI GARAJE

Da ruwan fari ya sauka, zuciya za ta ce maka maza ka shuka. Kada ka yarda. Garaje ba ƙarfi ba ne. Bari ƙwayoyin ciyawar banza da suke kusa da bisa su tsira tukuna. Bayan kwana 10 ko 14 za ka ga filin ya yi kore shar. Sai ka kankare su da fartanya sama-sama da hantsi, rana ta ƙarasa su. Kada ka zurfafa, don kada ka tono waɗanda suke barci a ƙarƙashi. Ka jira wani ruwan ka sake yin haka. In ka yi sau biyu ka rage abokan gaba da yawa tun ba a fara yaƙi ba.

Game da maganin feshi da uwargida ta tambaya: akwai mai suna gilaifoset, wanda manoma suke amfani da shi kafin shuka. Yana kashe duk wani koren abu da ya taɓa, har da kiri-kiri da furanninki, amma ba ya kashe ƙwayar da take cikin ƙasa. Aya-aya ma sau da yawa takan komo bayansa. Saboda haka ba shi ne hutun da kike nema ba. Wanda ya ga lalle sai ya yi amfani da shi, ya bi abin da aka rubuta a jikin kwalba, ya rufe hanci da hannu, ya kawar da yara da dabbobi, kada kuma a zuba ruwan sha ko mai a kwalbar daga baya. A ɗan fili irin na gida fartanya ta isa.

RANAR SHUKA

A wajen Zariya da Kaduna lokacin shuka shi ne cikin Yuni, sa'ad da damina ta zauna. A Jos ana iya farawa tun Mayu. A Kano da Katsina da Maraɗi sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Abin da ake so shi ne ciyawar ta kama ƙasa kafin manyan ruwayen Agusta, ta kuma sami wata biyu ko uku tana girma kafin ruwa ya ɗauke.

Ƙasar arewa yawancinta tana da ƙarancin abu biyu, naitirojin da fosfaras. Na farkon shi ne yake ba da koren ganye, na biyun yana taimakon saiwa. Takin zamani da manoma suke kira kamfa, wanda aka rubuta 15-15-15 a buhunsa, yana da su duka biyu har da fotash. Fili mai taki 10 da taki 10, watau murabba'in mita 100, kilo 3 ya ishe shi. Ba sai ka sayi buhu mai kilo 50 ba. Ka je wurin mai sikeli ya auna maka, ka zuba a gwangwani ka yi alama, ka sami mudunka na kullum ke nan. A watsa shi ko'ina daidai, a bi da manjagara ya shiga ƙasa.

Irin kiri-kiri ƙanana ne ƙwarai, kamar rairayi. Rabin kilo zuwa kilo 1 ya isa wannan fili. A gauraya shi da busasshen rairayi kwano goma don hannu ya iya raba shi. A kasa biyu. Kashi ɗaya a watsa ana tafiya daga gabas zuwa yamma, ɗayan daga kudu zuwa arewa, don kada a bar gurbi. Kada a binne shi kamar gero. In ya nutse fiye da rabin santimita ba zai fito ba. A bi da bayan manjagara a hankali, sa'an nan a danne. Wanda yake da ganga ya zuba mata ruwa rabi ya mirgina ta a kai. Wanda ba shi da ita ya shimfiɗa katako ya taka. Dannewar nan tana da muhimmanci, domin ƙwayar da ba ta manne da ƙasa ba iska ko tururuwa ko ruwa ne zai ɗauke ta. Ni na ƙi dannewa a wani gefe saboda gajiya. Da dare aka yi ruwa mai ƙarfi, bayan mako biyu sai ga ciyawata ta tsira a cikin lambatun maƙwabci.

In dashe za a yi, a yanka jijiyoyin tsawon tafin hannu, kowanne da gaɓa uku ko huɗu. A ja layuka, a dasa da tazarar kamu ɗaya, a binne kashi biyu cikin uku, a bar kan a waje, a taka. A dasa a ranar da aka tono su, da yamma. A duba da kyau kada a kwaso aya-aya tare da su.

Daga nan sai tsaro. A kewaye filin da ƙaya ko zana saboda awaki da kaji da zabi. Kada saman ƙasa ya bushe har mako uku. In ruwa ya yi fashin kwana biyu, a yayyafa safe da yamma da gwangwani mai ƙananan huji, ba da bokiti ba. Iri mai kyau yakan tsira cikin kwana 7 zuwa 14. Yara su yi haƙuri da ƙwallo har wata biyu.

CIYARWA DA ASKI

Bayan mako biyar ko shida da tsirowa sai a ba ta yuriya, farin takin nan mai kama da gishiri. Yana da ƙarfi, gama kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne. Kilo 1 kawai ya ishi filin duka. Kada ka ce bari in ƙara don ta yi sauri, ƙonewa za ta yi. A watsa shi sa'ad da ganye ya bushe daga raɓa, a bi shi da ruwa nan da nan, ko a sa shi gab da yayyafi. In an bar shi a rana ƙarfinsa yakan bi iska. A sake ba ta kilo 1 bayan wasu mako shida, muddin akwai sauran damina. In ruwa ya kusa ɗaukewa a dakata. A ajiye ragowar takin inda yaro ba zai kai ba, kada kuma a watsa shi kusa da bakin rijiya.

Sa'ad da ciyawar ta kai tsawon yatsa, watau santimita 7, sai a fara yi mata aski da langalanga mai kaifi, a mai da ita santimita 5. Ƙa'idar ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda. Da damina sau ɗaya a mako. A bar ɗan ganyen da aka yanke a wurin, zai ruɓe ya zama taki.

Askin nan shi ne babban makami. Tafasa da kashin yawo da ire-irensu daga kai suke girma, in ana sare kan kowane mako sai su gaji su mutu ba su yi 'ya'ya ba. Kiri-kiri kuwa daga gindi take girma, aski yana sa ta ƙara bazuwa. Tsidau da tuji ne kawai suke kwanciya ƙasa su tsere wa langalanga. Su sai a sa hannu. Da ka ga ɗan rawayan furen tsidau ka tuge shi a ranar, kafin ya yi ƙaya. A gidanmu mun mai da shi wasa. Kowace yamma bayan ruwa, kowane yaro ya kawo guda goma kafin a ci tuwo.

A riƙa barin ciyawar gajere kullum, a kuma bar taki ɗaya na tsakuwa ko fili a jikin bango. Doguwar ciyawa mafaka ce ta maciji da ɓera, sauro ma yakan laɓe a ciki da rana.

MAGANAR RUWA DA RANI

Ga lissafin da ya kamata maigida da uwargida su zauna su yi tare. In ana so ciyawa ta zauna kore da rani, kowane murabba'in mita yana shan lita 25 a mako. Filin taki 10 da taki 10 zai sha lita 2,500, watau jarka 100 mai lita 25, kowane mako. A unguwar da mata da yara suke bin layi a famfo, wannan ba daidai ba ne. Bar ta ta yi barcinta. Ko a bushe tana riƙe ƙasa, tana rage ƙura, ba ta kuma da ƙaya. Sai dai a rage tattaki, a hana awaki su cinye ta har saiwa, kada kuma a sa mata wuta. Ruwan wankan yara da na wanke hatsi ana iya zuba shi a ɗan gefen da ake zama.

Wanda kuma ya ga filin ya fi ƙarfinsa, kada ya kama duka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya fara da taki huɗu da taki huɗu a bakin ƙofa. Baɗi sai ya tono dashe daga nan ya ƙara gaba, ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

A gidanmu shekarar farko rabi da rabi ne, ciyawar kirki da ta banza suna kokawa. A ta biyu kiri-kiri ta rufe kusan ko'ina. Bara kuwa tsidau bakwai kawai muka tuge duk damina, yara ne suka ƙirga. Kwazazzabon ya cike, 'yata kuma tana gudu a filin ba takalmi. Baba ya zo ya taka, ya sunkuya ya shafa, ya ce, "To, Malam, yanzu ka yi mata riga."

Uwargida, amsar wasiƙarki ke nan. Ba maganin kwana ɗaya, amma akwai na damina biyu. Sannu ba ta hana zuwa. A wata mai zuwa za mu yi zancen ramin taki, yadda sharar gida da kashin awaki suke zama baƙar ƙasa, domin wanda zai yi wannan aiki baɗi ya shirya takinsa tun bana. Allah ya ba mu damina mai albarka. Ku huta lafiya.